Makomar Kotunan Birni: A Tattara Su Wuri Guda Ko A Bar Su Kusa Da Jama'a?

"Malam, ni lauya ce, kuma ƙungiyarmu ta lauyoyi ta turo ni in wakilce ta a kwamitin da aka kafa domin tsara makomar kotunan birninmu na shekaru talatin masu zuwa. Kotunan suna warwatse a cikin tsofaffin gine-gine a tsakiyar gari, wasu suna yoyo, wasu haya ake biya. Wani ɓangare na kwamitin yana son a samu babban fili a bayan gari a gina unguwar shari'a guda, a kwashe komai a kai can, wani ɓangaren kuma yana son a gyara na yanzu a bar su inda suke. Wanne ya fi, kuma me ya kamata mu duba kafin mu yanke shawara?"

Barista, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ki da kyau, an ɗora wa kwamitinku zaɓi biyu, ƙaura ko gyara, ana jiran ku ɗauki ɗaya. A shekarun da na yi ina aikin tsara gine-ginen gwamnati, har da na kotuna, kusan kullum a haka nake tarar da maganar, kuma ra'ayina shi ne an yi gaggawar kawo ta wannan matakin. Tambayar wuri ita ce ta uku ko ta huɗu a jeri. Kafin ita akwai tambayar waɗanne irin shari'u ne birnin zai riƙa yi, su wane ne za su riƙa zuwa kotu da ƙafafunsu, da kuma mene ne ainihin abin da ke jinkirta shari'a a yau. Kwamitin da ya fara da fili kamar tela ne da ya yanka yadi bai auna mai rigar ba.

Yana da kyau a tuna yadda unguwar shari'a take samuwa tun asali. Yawancin waɗanda suka daɗe ba zaunawa aka yi aka zana su ba. Kotu ce take zama a wuri, sai lauyoyi su kama ofis kusa da ita, sai masu buga takardu da masu rantsarwa da masu sayar da littattafan doka su biyo baya. A Landan ma lauyoyin ne suka riga kotun zuwa: ƙungiyoyinsu guda huɗu, Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, sun yi ɗaruruwan shekaru a yankinsu alhali manyan kotuna suna zama a Westminster, sai a 1882 aka buɗe babban ginin kotunan a titin Strand, kusa da lauyoyin, bayan an rushe gidaje kusan 450 na talakawan da ke wurin. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ginin kotu ɓangare ɗaya ne kawai na abin da kuke shirin motsawa. Gwamnati tana iya ɗauke alƙalai a wata guda, amma ƙaramin lauyan da ke haya a ɗaki ɗaya, da tafinta, da ofishin ba da taimakon shari'a kyauta, ba su da kasafin kuɗin ƙaura, kuma idan aka bar su a baya masu ƙara ne za su biya kuɗin tazarar.

Ƙidaya kafin zane

Abu na farko da nake nema a kowane aiki irin wannan shi ne a ƙirga yadda ake amfani da ɗakunan shari'ar da ake da su. Ba jadawalin da aka liƙa a ƙofa nake nufi ba, domin jadawali niyya ce kawai. A sa mutane su zauna da agogo, su rubuta lokacin da alƙali ya zauna, da lokacin da ya tashi, da dalilin kowace ɗagewa, a yi haka na tsawon zangon shari'a guda aƙalla. A wani aiki da na yi, shugabannin kotun sun zo da tabbacin cewa ƙarancin ɗakuna ne ya tara musu shari'u, sai ƙidaya ta nuna ɗakunan a rufe suke mafi yawan yammaci, kuma safiya tana tafiya ne a jiran motar da ke kawo waɗanda ake tsare da su, ko a neman fayil a ofishin rajista. Da an ninka musu ɗakunan da ba abin da zai canja, sai dai yawan wuraren da za a riƙa jira a ciki.

Wannan ba matsalar ƙasashe marasa kuɗi ba ce kaɗai. A 2010 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya duba kotunan tarayya 33 da aka kammala tun daga 2000, ya ce akwai rarar wuri da ta kai ƙafa murabba'i miliyan 3.56, wadda gina ta ya ci kusan dala miliyan 835, kula da ita kuma yana cin dala miliyan 51 a kowace shekara. Dalilai uku ya kawo: an gina fiye da girman da majalisa ta amince, an yi hasashen yawan alƙalan da za a samu nan gaba fiye da abin da ya tabbata, sannan ba a tsara alƙalai su yi karɓa-karɓar ɗakin shari'a ba. Ɓangaren shari'ar ƙasar ya yi jayayya da lissafin, musamman a kan batun karɓa-karɓa, kuma jayayyar tana da hujja, domin alƙalin da ba shi da tabbacin ɗaki ba zai iya tsayar da rana ya tilasta wa ɓangarori su shirya ba. Duk da haka batu na biyu ya shafe ku kai tsaye. Hasashen shekaru talatin abu ne mai rauni, domin doka ɗaya da majalisa za ta yi gobe, misali ta mayar da ƙananan laifukan hanya su zama tara da ake biya ba tare da zuwa kotu ba, tana iya kwashe dubban shari'u, wata dokar kuma ta ƙaro dubbai. Saboda haka nake ba da shawarar a gina don shekaru goma zuwa goma sha biyar, a tanadi fili da tushen gini da hanyoyin ruwa da wuta don sauran.

Abin da tattarawa take bayarwa da abin da take ci

Masu son unguwa guda ba su rasa hujja ba. Idan kotuna suna wuri ɗaya, lauya ba zai nemi a ɗage masa shari'a don yana wata kotun a ɗaya gefen gari ba, jigilar waɗanda ake tsare da su tana zama hanya ɗaya maimakon goma, ana haɗa masu gadi da rumbun fayil da ɗakin karatu, kuma kuɗin haya yana tsayawa. Barcelona ta yi haka a 2009, inda ta tattaro ofisoshin shari'a da ke warwatse a gine-gine 17 zuwa wani tsohon barikin soja da ke kan iyakarta da garin L'Hospitalet. Abin da ya fi jan hankalina a can shi ne David Chipperfield, wanda ya jagoranci zanen, bai yi dunƙulallen gini ɗaya ba. Ya rarraba aikin zuwa gine-gine da dama a kewaye da dandali, huɗu daga cikinsu suna haɗe da dogon zaure guda inda ake binciken masu shiga. Wurin kuma yana cikin gari ne, a bakin babban titi, ba a daji ba.

Paris ta fi ba da darasi, domin can an ga ribar da kuma kuɗinta tare. A Afrilun 2018 kotun matakin farko ta bar tsohuwar fadar shari'a da ke tsibirin tsakiyar birnin ta koma sabon bene mai tsawon mita 160 a Batignolles, a arewa maso yammacin birnin, wanda Renzo Piano ya zana, mai ɗakunan shari'a kusan 90. 'Yan sandan bincike sun riga sun koma kusa da wurin a 2017, lauyoyi kuma suka samu nasu gidan a gefensa daga baya. Amma sabuwar tashar layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da aka tsawaita domin ya kai jama'a wurin ba ta buɗe ba sai a Janairun 2021, wato kusan shekara uku mutane suna cunkoso a tsohon layi. Sannan kotun ɗaukaka ƙara da kotun ƙoli ta ƙasar sun ci gaba da zama a tsohuwar fadar, don haka lauyoyi sun koma zirga-zirga tsakanin wurare biyu. An kuma gina shi ne da yarjejeniya da kamfani mai zaman kansa, wanda gwamnati za ta riƙa biya har shekara 27, jimillar da ta haura yuro biliyan biyu, kuma kotun binciken kuɗi ta Faransa ta soki irin wannan tsarin a 2017. Idan birni mai irin hanyoyin sufurin Paris ya sha wannan wahalar, ki auna abin da zai faru da fili a bayan gari wanda titinsa ma sai an yi.

Madrid kuwa ita ce misalin da nake so kowane ɗan kwamiti ya sani kafin ya ɗaga hannu. An tsara gine-gine fiye da goma a Valdebebas, kusa da filin jirgin sama, aka ɗauko fitattun masu zane irin su Norman Foster da Zaha Hadid, aka aza harsashi a 2007, sai rikicin tattalin arziki ya auko. An kashe sama da yuro miliyan 100, gini ɗaya tak ya tashi, na cibiyar binciken gawa, shi ma ya yi shekaru babu kowa a ciki. A duk tsawon lokacin da yawa daga cikin kotunan suna nan a gidajen haya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Babbar illar irin wannan shiri ita ce da zarar an sanar da shi ake daina kashe kuɗi a kan tsofaffin gine-gine, tunda ai za a bar su, sai a wayi gari babu sabo kuma tsohon ya ƙara lalacewa.

Ba kowace kotu ce take da irin jama'a guda ba

Nan ne nake ganin kwamitinku zai iya fita daga zaɓi biyun da aka ba shi. Kotun ɗaukaka ƙara da kotun manyan rigingimun kasuwanci aikinsu yawanci na takarda ne da na lauyoyi. Ba a cika kiran shaidu ba, masu ƙarar suna da hali, kuma nisan kilomita goma ba zai hana kowa zuwa ba. Waɗannan ana iya tattara su, har ana iya kai su sabon wuri. Manyan shari'un laifi ma suna amfana da zama wuri ɗaya mai ɗakunan tsarewa masu kyau da hanya mai sauƙi zuwa gidan yari. Amma kotun majistare, da kotun iyali, da ta rigimar haya da ƙananan basussuka, jama'arsu daban ce: mace mai goyo da ke neman kuɗin ciyarwa, shaidar da zai rasa aikin yini, tsohon da ba ya iya hawa mota biyu. A wajen waɗannan nisa ba ƙaramin abu ba ne, shi ne yake raba wanda zai kai ƙara da wanda zai haƙura, kuma shaidar da bai zo ba ɗagewa ce, ɗagewa kuma kuɗi ne a wuyan kowa.

Ingila da Wales sun rufe kotunan majistare 162 daga cikin 323 a tsakanin 2010 da 2019, da hujjar cewa ba a cika amfani da su ba kuma intanet zai cike giɓin. An sayar da gine-gine da yawa, bayan haka shari'u suka taru, har a lokacin annobar korona aka koma hayar otal-otal da gidajen wasan kwaikwayo ana zaman kotu na wucin gadi a ciki. Ba na cewa rufewar ce kaɗai ta jawo tarin shari'un, domin rage kwanakin zaman alƙalai ma ya taka rawa, amma fili a tsakiyar gari idan ya fita daga hannun gwamnati ba ya dawowa. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne tsawon tafiya a motar haya, ba a motar gida ba, daga unguwa mafi nisa, a kuma tambaya ko mutum zai iya isa kafin a kira shari'arsa da safe ya koma gida a ranar. Ki nemi a zana wannan taswirar ga kowane filin da aka kawo muku.

Akwai kuma hanyar da ke rage buƙatar ɗakin shari'a gaba ɗaya. Tun 1976 Frank Sander na jami'ar Harvard ya kawo shawarar kotu mai ƙofofi da yawa, inda ake tantance rigima a tura ta sulhu ko sasantawa ko gaban alƙali gwargwadon yanayinta, kuma Legas ta buɗe irin wannan a 2002. Lardin British Columbia na Kanada ya fara sauraron wasu ƙananan rigingimu ta intanet a 2016. Abin da wannan ke nufi ga mai zane shi ne ƙananan ɗakunan zama masu teburi da kujeru shida sun fi yawan buƙata fiye da yadda ake zato, manyan zauruka masu dogon mumbari kuma ba su kai yadda ake zato ba. Sai dai kada a ruɗe ki da cewa na'ura za ta maye gurbin gini. Wanda ba shi da waya mai kyau ko bai iya karatu ba yana buƙatar wurin da zai je a taimaka masa, kuma ƙananan kotunan unguwa su ne suka fi dacewa da wannan aikin.

Cikin ginin kansa

A nan ne gyaran tsohon gini yake cin tura, kuma adalci ne in faɗa wa masu son gyara. Kotun da ke sauraron laifuka tana buƙatar hanyoyi uku da ba sa haɗuwa sai a cikin ɗakin shari'a: ta jama'a, ta alƙalai da ma'aikata, da ta waɗanda ake tsare da su, wadda take farawa daga rufaffen wurin da mota ke shiga. Tsofaffin gine-gine da yawa matakala ɗaya gare su, inda alƙali da wanda ya yanke wa hukunci da dangin wanda aka kashe suke gogar kafaɗa. Cusa hanyoyi uku a irin wannan gini yakan fi sabon gini tsada, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. To amma ginin da bai dace da shari'ar laifi ba yana iya dacewa da sulhu, ko kotun ƙananan basussuka, ko ofishin taimakon shari'a, ko makarantar horar da ma'aikatan kotu.

Wurin jira shi ne abin da aka fi rainawa a zane, alhali a nan mai ƙara yake yin mafi yawan yininsa. A tanadi wurin jira daban ga shaidu da waɗanda aka zalunta, musamman yara, da ƙananan ɗakuna inda lauya zai gana da wanda yake karewa ba a tsaye a baranda ba, da hanyar keken guragu har zuwa wurin ba da shaida. Ofishin rajista da wurin biyan kuɗi su kasance a ƙasa kusa da ƙofa, domin yawancin masu shigowa kotu a kowace rana ba shari'a suka zo saurara ba. Batun tsaro kuwa, tun bayan harin bam na Oklahoma da ke Amurka a 1995, wanda ya kashe mutum 168 a wani ginin gwamnatin tarayya, aka koma janye gine-gine daga bakin titi, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke tura kotuna bayan gari. Tsaro wajibi ne, amma shari'a a bainar jama'a ake yin ta, kuma kotun da ta yi kama da bariki tana korar wanda bai yi laifin komai ba. Saboda irin wannan dalilin nake taka-tsantsan da haɗa kotu da hedikwatar 'yan sanda a harabar guda, kamar yadda Christchurch ta New Zealand ta yi a 2017 bayan girgizar ƙasar 2011. Yana da sauƙi ga aiki, amma wanda ya zo ƙarar ɗan sanda bai kamata ya ga alƙali da wanda yake ƙara suna fitowa ta ƙofa ɗaya ba. Idan za a yi maƙwabtaka, to kowa da ƙofarsa da allonsa.

Kuɗin kulawa shi ne abin da ba a yanka masa kyalle, don haka ake mantawa da shi. Fadar shari'a ta Brussels, wadda aka kammala a 1883, tana cikin manyan gine-ginen da aka yi a ƙarni na goma sha tara, kuma tun daga shekarun 1980 ta yi gomman shekaru ƙarafan gyara suna kewaye da ita, har su kansu ƙarafan suka tsufa suka buƙaci gyara. Ki tambayi duk wanda ya kawo muku zane nawa wuta da ruwa da lif da sanyaya ɗaki za su ci a shekara, daga wane asusu za su fito, kuma ginin zai iya aiki idan lif ya tsaya ko wuta ta ɗauke. Bene mai hawa ashirin da lif ɗinsa ya mutu kotu ce da ta rufe. Ki kuma tambayi wanda zai riƙe ginin, domin ɓangaren shari'ar da sai ya roƙi ma'aikatar gwamnati kafin a gyara masa rufi ya rasa wani abu daga 'yancinsa, ko da tsarin mulki bai ce haka ba.

Shawarata ta mai tsara wuri ce, tana da iyaka. Raba hurumin kotuna, da ƙirƙirar sabon reshe, da halatta zama ta bidiyo, duk al'amura ne na doka da ku da alƙalai kuka fi ni iko a kansu, kuma misalan biranen da na kawo ba za su maye gurbin ƙidayar birninku ba. Idan ƙidayar ta nuna ɗakunanku a cike suke safe da yamma, kuma filin da ake magana yana kan hanyar da motocin haya suke bi tun yanzu, to hujjar masu son ƙaura ta ƙaru ƙwarai, ni ma zan karkata gare su a kan manyan kotuna.

A zama na gaba ki nemi kwamitin ya jingine ƙuri'a a kan fili har sai an kawo ƙidayar amfani da ɗakuna, da taswirar tafiya, da rahoton injiniya a kan kowane tsohon gini. Ki kuma nace a rubuta cewa kowane zango na aikin zai iya aiki shi kaɗai ko da na gabansa bai samu kuɗi ba, cewa ba za a sayar da tsohon gini ba sai sabon ya yi shekara yana aiki, kuma an ware wa ƙananan ofisoshin lauyoyi wuri mai araha a duk inda za a koma. Ƙaurar kanta a sa ta a lokacin hutun kotu, a fara da tantance fayiloli da kayan shaida watanni kafin ranar, kowane akwati da lambarsa da sa hannun wanda ya ba da da wanda ya karɓa, domin kayan shaidar da aka kasa bayanin inda suka kwana a hanya lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai nemi kotu ta yi watsi da su, kuma sau da yawa zai samu.